Katin Asibitin da Ba Ya Ƙetare Iyaka: Lacca ga Masu Shirin Ajiye Aiki Kafin Shekara 65 a Amurka



 Shugabannin ƙungiyarmu sun nemi in yi magana a kan inshorar lafiyar mutumin da ya ajiye aiki da wuri, musamman idan ciwo ya riske shi a wani gari da ba nasa ba. Ban yi jinkirin amsawa ba, domin da yawa daga cikinmu da suka shigo ƙasar nan a shekarun 1990 yanzu furfura ta fito, kuma duk wanda ka zauna da shi zancen ɗaya ne: in Allah ya yarda saura shekara biyu in ajiye, in koma gida in huta. Wani ya gama gini a Kano, wani a Maraɗi ko Damagaram, wani a Kumasi. An yi lissafin siminti, an yi na tikitin jirgi, an ware na Umra. Abin da ba a cika sa wa a lissafi ba shi ne wanda zai biya asibiti daga ranar da aka miƙa takardar ajiye aiki zuwa ranar da aka cika 65, da kuma sanin inda katin da ke cikin aljihu yake aiki da inda ba ya yi.

Bari mu fara da yadda aka yi lafiyar mutum a Amurka ta rataya a wuyan aikinsa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1942, gwamnati ta ƙayyade ƙarin albashi don kada farashi ya tashi. Masana'antu suna neman ma'aikata ruwa a jallo, ba halin su ƙara albashi, sai suka koma jan hankalin mutane da alkawarin biya musu asibiti. A 1954 dokar haraji ta tabbatar da cewa wannan kuɗin da kamfani ke biya ba a cire masa haraji. Daga nan abin ya zauna. Da aka ga tsofaffin da suka bar aiki sun rasa madafa, sai Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar Medicare a watan Yulin 1965, aka sa shekarar shiga 65. Har gobe a nan take.

Ga inda mutanenmu ke ruɗewa. Kuɗin fansho na Social Security ana iya fara karɓarsa tun daga shekara 62, kodayake wanda aka haifa a 1960 ko bayanta, in ya fara a 62 maimakon 67, za a rage masa kashi 30 cikin ɗari har ƙarshen rayuwarsa. To sai mutum ya ɗauka tunda fansho ya zo, asibiti ma ya zo. Ba haka ba ne. In ba naƙasa ce ta sa aka shigar da mutum da wuri ba, ko ciwon ƙoda da ya kai ga wanki, Medicare ba ta san da kai ba sai ka cika 65. Wanda ya ajiye a 62 yana da shekara uku a sarari. Wanda ya ajiye a 57 yana da takwas. Kuma waɗannan su ne shekarun da hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya suke fara bayyana kansu.

Me ake rufe wannan giɓin da shi? Wanda matarsa, ko wadda mijinta, ke aiki har yanzu da inshora mai kyau, ya shiga ƙarƙashinta, magana ta ƙare. Wanda ya yi aiki a wurin da ke da ma'aikata 20 ko fiye, akwai dokar COBRA da Shugaba Reagan ya sa wa hannu a 1986. Ita ta ba ka damar ci gaba da inshorar wurin aikinka har wata 18, kuma kana da kwana 60 ka yanke shawara. Sai dai yanzu kai za ka biya duka, da kasonka da kason da kamfani ke biya maka a da, har da ƙarin kashi 2 cikin ɗari na hidima. A ranar ne mutum yake ganin ainihin tsadar abin da yake ci a ɓoye shekara da shekaru. Duk da haka kada ku raina COBRA. Inshorar manyan kamfanoni sau da yawa tana aiki a jihohi da dama, wata ma tana taɓa gaggawa a ƙasashen waje, abin da ba lallai ka samu ba in ka je ka saya da kanka. 'Yan'uwanmu direbobin tasi da masu shaguna, ku wannan ƙofa ba taku ba ce, tunda ku ne iyayen gidan kanku.

Ƙofar da ta fi faɗi ita ce kasuwar inshora da dokar Obama ta buɗe. An sa hannu a dokar a watan Maris na 2010, kasuwar ta fara aiki a Janairun 2014. Kafin nan, mai shekara 60 da ciwon suga in ya je sayen inshora da kansa, kamfani na iya cewa ba ya so, ko ya ce zai karɓe shi amma ban da sugan. Yanzu doka ta hana wannan, kuma a ganina ba abin da aka yi wa masu ajiye aiki da wuri da ya kai shi alheri. Amma an bar wa kamfanoni damar cajin dattijo har ninki uku na abin da suke cajin saurayi. Jihohin New York da Vermont ne ba su yarda da bambancin shekaru ba. Idan ka rasa inshorar wurin aiki, kana da kwana 60 ka yi rajista ba tare da jiran lokacin rajistar shekara ba. Kada kwanakin nan su ƙare kana Kano wajen biki.

Gwamnati tana rage wa mutum kuɗin wata gwargwadon abin da yake samu a shekara, kuma a nan akwai tarkon da ya shafe mu kai tsaye. Asalin dokar ta tsayar da tallafi a kan ninki huɗu na layin talauci. A 2025 layin na mutum ɗaya dala 15,650 ne, ninki huɗu ya kama 62,600. A 2021 an ɗage wannan iyaka na ɗan lokaci, daga baya aka sa wa ɗagewar wa'adin ƙarshen 2025, saboda haka kowa ya duba ƙa'idar shekarar da yake ciki. Abin lura shi ne duk abin da ka ciro daga asusun ritaya na 401(k) irin na gargajiya ana ƙirga shi a cikin samunka na shekarar. A ce Alhaji ya rubuta cewa zai samu dala 35,000, aka ba shi tallafi a kan haka. Can tsakiyar shekara aka bugo daga gida cewa rufi da tayil sun rage, ya ciro dala 40,000 ya aika. Lokacin cike takardun haraji sai a ce masa samunsa 75,000 ne, ya mayar da tallafin da ya ci. Gida ya kammala, bashi ya hau. Da ya raba cirar a kan shekara biyu ko uku, da wataƙila bai faɗa ciki ba.

Yanzu mu zo kan jigon maganar. Inshorar da ka saya a wannan kasuwa ta jihar da kake zaune ce, sau da yawa ma ta gundumarka. Kamfani yana da jerin asibitoci da likitocin da ya daidaita farashi da su. In tsarinka HMO ne ko EPO, kuma su suka fi yawa a kasuwar, ka fita daga jerin nan ba gaggawa ba, ko sisi ba zai biya ba. PPO yana biyan wani abu a wajen jeri, amma ya fi tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Doka ta sa rufin abin da mutum zai kashe daga aljihunsa a shekara, wanda a 2025 dala 9,200 ne ga mutum ɗaya, amma rufin nan a cikin jeri kaɗai yake kare ka. A waje ba rufi.

Ku ɗauki misalin Hajiya da ke zaune a Bronx, ta ajiye aikin jinya tana da shekara 60, 'yarta ta haihu a Houston, ta tafi zaman jego wata huɗu. In ƙirjinta ya riƙe da daddare, ta tafi sashen gaggawa mafi kusa ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Tun 1986 doka ta wajabta wa asibitocin da ke karɓar Medicare su duba mai gaggawa su daidaita shi kafin zancen kuɗi, kuma inshorarta dole ta biya gaggawar kamar a cikin jeri aka yi. Tun Janairun 2022 kuma an hana asibiti ya biyo ta da ragowar kuɗin da kamfani bai biya ba. Wannan kariya ta haɗa da jirgin ɗaukar marasa lafiya, amma ba ta haɗa da motar asibiti ta ƙasa ba, sai a jihohin da suka yi tasu dokar. To amma bayan an sallame ta fa? Likitan zuciya ya ce ta dawo bayan mako biyu, a yi hoto, a yi gwajin jini, a fara gashi. Wannan duk ba gaggawa ba ce a idon kamfani. Ko ta biya da kanta a Houston, ko ta koma New York da ciwonta. Yawancin hasarar da mutane ke yi a wannan mataki take, ba a daren farko ba.

Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin samu, ta fi haka ƙunci. Kowace jiha da tata. Jihohi 40 da birnin Washington sun faɗaɗa ta ga manya masu ƙaramin samu, North Carolina ta shiga a Disamban 2023, labari mai daɗi ga 'yan'uwanmu na Greensboro. Texas da Florida da Georgia ba su yi cikakkiyar faɗaɗawar ba. Katin Medicaid na wata jiha, in ka cire gaggawa da 'yan wasu dalilai, ba ya aiki a wata. A ƙasar waje kuwa doka ce ta hana a biya da shi sam.

In ka ƙaura da gaske daga jiha zuwa jiha, ka sanar, za a ba ka kwana 60 ka sayi sabuwa a can. Ina roƙonku kada ku riƙe adireshin ɗan'uwa a New York alhali kun tare a Ohio. Ban da cewa ƙarya ce a takardar gwamnati, katin ma ba zai amfane ku a inda kuke kwana ba.

Sai ƙetare teku. Kusan duk inshorar da ake saya a kasuwar nan ba ta biyan jinya ta yau da kullum a ƙasar waje. Wadda ta yarda da gaggawa, yawanci sai ka biya tukuna, ka dawo da rasidai da rahoton likita da Turanci, ka cika takarda, ka jira. 'Yan Nijar, naku rahoton da Faransanci zai fito, sai an fassara. Ofishin jakadancin Amurka a Abuja ko Yamai ko Akara zai iya ba ka sunayen asibitoci, ya taimaka a sanar da iyalinka, amma ba ya biyan kuɗin jinyar kowa, ko da fasfonka shuɗi ne. Jirgin da zai ɗauko mara lafiya a kwance daga Afirka ta Yamma zuwa Turai ko Amurka kuwa, kuɗinsa ya isa ya cinye gidan da aka gina.

Akwai inshorar tafiya, kuma ga mai zuwa gida wata ɗaya ko uku, ina ganin wauta ce a hau jirgi ba ita, domin kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da tikiti. Amma a karanta ta. Da yawa ba sa biyan ciwon da kake da shi kafin tafiya, kuma mu a shekarunmu tsohon ciwon ne zai tashi. Wasu suna yafe wannan sharaɗi in ka saya cikin 'yan kwanaki bayan biyan tikiti. Wasu suna cire ƙasashen da gwamnatin Amurka ta yi gargaɗin kada a je, ga shi kuwa jihohi da dama na arewacin Nijeriya suna cikin wuraren da gargaɗin ya ambata da suna. Ka tambaya ƙarara: ina zuwa Katsina, ina da hawan jini, in ɓarin jikina ya shanye a can, me za ku biya, kuma za ku ɗauko ni? Ka sa su ba ka amsa a rubuce. Bizar Umra tana ɗauke da inshorar gaggawa a cikin kuɗinta, amma a cikin Saudiyya take aiki, ba ta bin ka zuwa Kano.

Ina so in tsaya kaɗan a kan zazzaɓin cizon sauro, domin girman kai yana kashe mu a nan. A kowace shekara ana samun mutum wajen 2,000 da wannan cuta a Amurka, kusan duka matafiya ne, kuma kaso mafi girma waɗanda suka je ziyarar dangi a Afirka ne. Juriyar da jikinka ya samu kana yaro a Zariya tana gushewa in ka daɗe ba sauron da ya cije ka. Mai shekara 60 da ya yi shekara 25 a Chicago, a wurin sauro baƙo ne. Ka ga likita kafin tafiya ka karɓi maganin kariya. In ka dawo zazzaɓi ya kama ka, ka faɗa wa likitan nan inda ka fito tun kafin ya tambaya, domin ba kullum tunaninsa zai kai can ba.

Magungunan kullum ma haka. Yawancin kamfanoni suna yarda a ba ka na kwana 90, wasu su ƙara in ka ce tafiya za ka yi. Ka sa likita ya rubuta maka asalin sunan maganin, ba sunan kamfanin da ya yi shi ba, domin a gida da wani suna za ka same shi. Ka saya a kantin magani mai rajista, jabu na nan. Mai allurar insulin ya yi tunanin wutar lantarki da firji kafin ya yi tunanin tsaraba.

Wanda zai zauna a gida rabin shekara ko fiye, to ya nemi abin dogaro a can. A Nijeriya, inda sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita, an yi sabuwar doka a 2022 da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta NHIA a madadin NHIS, kuma akwai tsarin da mutum zai yi rajista da kansa ko da iyalinsa. Jihohi ma suna da nasu, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Gana tana da tata NHIS tun dokar 2003. Ba na ce waɗannan za su ɗauke maka aikin zuciya ko wankin ƙoda na shekaru ba, amma suna rage ɗawainiyar ganin likita da gwaje-gwaje, kuma suna sa ka zama mai fayil a wani asibiti. Wannan fayil ɗin yana da daraja. Ka je Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Komfo Anokye ko wanda ya fi kusa da kai da ƙafarka, kana da lafiya, ka ba su tarihinka. Ka kuma ajiye kuɗi tsaba a wurin amintacce wanda zai iya fitar da su da tsakar dare, domin a asibitocinmu da yawa sai an ajiye wani abu ake fara aiki, kuma takardar inshorar Amurka ba abin da za ta yi maka a gaban mai karɓar kuɗi.

Na san wasu a nan suna da damuwa ta addini game da inshora, kuma damuwa ce mai tushe. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, ta taimakekeniya ita ce mafita. Akwai kuma malaman da suka yi rangwame a kan ta lafiya saboda lalura, a ƙasar da kwana uku a asibiti ke iya tsiyata mutum. Malamanmu suna zaune a gaba, su za su warware wannan. Roƙona kawai a yi tambayar yanzu, kada a bari sai ana bakin gadon asibiti.

Ranar cika 65 ma ba ita ce ƙarshen lissafi ba. Lokacin rajistar Medicare wata bakwai ne: uku kafin watan haihuwarka, watan kansa, da uku bayansa. Sashen A, na kwanciya asibiti, kyauta ne ga wanda ya yi aiki yana biyan haraji kimanin shekara goma. Sashen B, na ganin likita, ana biya duk wata, dala 185 a 2025. Sai mutum ya ce, ni da nake zaune a Maraɗi, Medicare kuma ba ta biya a ƙasar waje, don me zan riƙa zubar da kuɗi? Gaskiya ne ba ta biya a can. Amma duk cikar wata 12 da ka yi ba ka shiga ba alhali ka cancanta, za a ɗora maka tarar kashi 10 cikin ɗari a kan kuɗin wata, muddin kana cikin tsarin. Shekara huɗu, kashi 40. Kuma in ka dawo a watan Mayu da ciwo mai nauyi, sai ka jira rajistar Janairu zuwa Maris. COBRA ba ta kare ka daga wannan tara, mutane da yawa sun ƙone a nan. Ra'ayina, wanda ya san in ciwo ya yi tsanani nan zai dawo, ya riƙe Sashen B ko yana ina. Wanda ya yanke a ransa ya koma ke nan, shi ne zai iya tunanin saki. Masu ƙarin inshorar Medigap, wasu nau'o'inta suna biyan kashi 80 cikin ɗari na gaggawa a waje, a kwana 60 na farkon tafiya, bayan ka biya dala 250, kuma duka-duka dala 50,000 ce a tsawon rayuwa. Masu tsarin Medicare Advantage kuma, in kun wuce wata shida a wajen yankinku ana iya cire ku.

Masu katin zama na dindindin da ba su karɓi ɗan ƙasa ba, ku naku ya fi tsauri. Wuce wata shida a waje yana jawo tambayoyi a filin jirgi, wuce shekara ɗaya ba takardar izinin dawowa yana iya sa a ce kun bar zaman. In zaman ya tafi, hanyar zuwa asibitin da kuka yi shekaru kuna biya wa haraji ta toshe. Wanda ya cancanci zama ɗan ƙasa ya gama wannan kafin ya ɗaure kaya.

Magana ta ƙarshe ga shugabannin ƙungiya ce. Mun iya karo-karo idan an yi rasuwa. Cikin kwana biyu muna tara abin da za a yi jana'iza ko a kai gawa gida, kuma Allah ya saka da alheri. Amma mutumin nan, wata shida kafin rasuwarsa, wataƙila abin da ya rasa shi ne wanda zai zauna da shi sa'a ɗaya ya karanta masa takardar inshorarsa. A cikin ɗakin nan akwai ma'aikatan jinya, akwai masu harhaɗa magani, akwai masu cike takardun haraji, akwai 'ya'yanmu da suka yi karatu a nan. Gwamnati ma tana da masu taimakon rajista kyauta a kowace jiha, na kasuwar inshora da na Medicare. Ina ba da shawara a kafa kwamiti na mutum biyar, maza da mata, su zauna sau ɗaya a wata bayan sallar Juma'a, musamman a lokacin da rajista ke buɗe. Duk wanda ya haura 55 kuma yake tunanin ajiye aiki ya zo da katinsa, da takardar harajinsa ta bara, da sunayen magungunansa, da watannin da yake son yi a gida. Ni na sa sunana a farkon takardar, tana wurin sakatare a bakin ƙofa.

 Malam shugaba, in akwai lokaci, sai a buɗe fagen tambayoyi.